BABI NA HUƊU: TANGARƊAR NA'URA DA ZUBIN LABARI A WASAN POKÉMON RED AND BLUE

4.0 Gabatarwa

A babi na uku an nuna cewa wasan bidiyo yana ɗauke da jigo da taurari da zubi da tsari, kamar yadda ƙagaggen labari da wasan kwaikwayo suke ɗauke da su. Wannan babi zai dubi wani abu da ake samu a wasan bidiyo wanda ba a cika samun irinsa a littafi ba, wato tangarɗa. An zaɓi wasan Pokémon Red and Blue domin a yi tarke a kansa, musamman halittar nan da aka fi sani da suna MissingNo, wadda ta ɓullo a cikin wasan ba tare da masu tsara shi sun nufa ba. Tambayar da babin zai amsa ita ce, shin abin da mawallafi bai nufa ba yana iya zama ɓangaren labari? Idan kuwa yana iyawa, wane ne ya ba da wannan labarin, kuma wace riba ko asara labarin asali ya samu?

4.1 Ma'anar Tangarɗa

Abin da ake nufi da tangarɗa a wannan nazari shi ne duk wani abu da na'ura ta aikata a cikin wasa, wanda ya saɓa wa abin da masu tsara wasan suka yi niyya, alhali kuwa na'urar ba ta lalace ba. Na'ura ba ta san manufa ba, umarni kawai take bi. Idan aka bar wata kafa a cikin umarnin da aka rubuta mata, za ta ci gaba da aiki da duk abin da ta tarar a gabanta, ko da kuwa ba shi aka tanadar mata ba. Daga nan ne ake ganin tauraro ya ratsa bango, ko hoto ya hargitse, ko kuma wani wuri ya buɗe wanda babu wanda ya gina shi.

Ya kamata a bambanta tangarɗa da sirrin da mawallafi ya ɓoye da gangan domin mai wasa ya gano. Sirri yana da mai shi, ita kuwa tangarɗa marainiya ce.

4.2 Ra'in da Aka Ɗora Tarken a Kai

Masana adabi na ƙasar Rasha, a farkon ƙarni na 20, sun raba labari gida biyu. Akwai tsurar labari, wato abubuwan da suka auku bi da bi, akwai kuma zubin labari, wato yadda mawallafi ya jera su ya gabatar. Genette (1972), masani daga ƙasar Faransa, ya ƙara gida na uku, wato shi kansa aikin bayar da labarin. A ganinsa, akwai iyaka tsakanin duniyar da ake ba da labari daga cikinta da duniyar da ake ba da labarinta. Duk lokacin da wani ya tsallaka wannan iyaka, misali mai ba da labari ya shiga cikin taurarinsa, ko tauraro ya juyo ya yi magana da mai karatu, to an samu abin da ya kira metalefsis. A wannan nazari za a riƙa kiransa ƙetare iyaka.

Haka kuma Shklovsky (1917) ya nuna cewa aikin fasaha shi ne ta baƙuntar da abin da ido ya saba gani, har mutum ya sake dubansa kamar bai taɓa ganinsa ba. Daga baya ya kafa hujja da littafin Tristram Shandy na Laurence Sterne, wanda aka buga tsakanin 1759 da 1767, a kan yadda mawallafi kan tone asirin dabararsa da kansa. A wannan littafi akwai shafin da aka shafe da baƙi ƙirin, akwai wanda aka bari fari fat, akwai ma babi sukutum da aka tsallake tare da lambobin shafukansa. Dukkan waɗannan sun yi kama da kuskuren maɗaba'a, amma Sterne ne ya shirya su. Da waɗannan ma'aunai guda biyu, wato ƙetare iyaka da tone dabara, za a auna tangarɗar da ake magana a kanta.

4.3 Taƙaitaccen Labarin Wasan

Kamfanin Game Freak ne ya tsara wannan wasa a ƙarƙashin jagorancin Satoshi Tajiri, kamfanin Nintendo kuma ya fitar da shi domin na'urar hannu ta Game Boy. Ya fara fita a ƙasar Jafan a shekarar 1996 da sunan Red da Green, sannan fitowar Turanci ta isa Amurka a 1998 da sunan Red da Blue. A kan fitowar Turanci wannan tarke ya dogara.

Labarin na wani yaro ne da ya bar garinsu, Pallet, bayan wani masani mai suna Farfesa Oak ya ba shi halitta guda da kuma na'urar da zai riƙa rubuta duk halittar da ya gani. Aikinsa shi ne ya zaga ƙasar Kanto, ya kama halittu, ya horar da su, ya ci lambobin yabo guda 8, ya karya lagon ƙungiyar ɓarayi ta Team Rocket, sannan ya kara da manyan gwanaye huɗu da kuma abokin hamayyarsa. Jimillar halittun wasan 151 ne. Babban jigon labarin shi ne juriya, domin komai a hankali ake samunsa. Ƙaramin jigonsa kuwa shi ne cike giɓi, domin kundin Farfesa Oak jerin lambobi ne, kuma kowace lamba da ba a cike ba kira ce ga mai wasa da ya ci gaba da nema.

4.4 Yadda MissingNo Take Ɓullowa

A garin Viridian akwai wani tsoho da ke koya wa mai wasa yadda ake kama halitta. A lokacin wannan darasi na'ura takan sauya sunan mai wasa ta sa na tsohon, domin a ga kamar tsohon ne yake jifa. Saboda ƙarancin wurin ajiya a irin waɗannan na'urori, sai masu tsara wasan suka yi dabarar ajiye sunan mai wasa na ɗan lokaci a gurbin da aka tanada domin jerin halittun da ke cikin ciyawa. Sun yi haka ne bisa tunanin cewa da zarar mai wasa ya shiga wani daji, sabon jeri zai hau kan sunan ya shafe shi.

Kafar da aka bari tana tsibirin Cinnabar. Idan mai wasa ya tashi daga wurin tsohon kai tsaye ya sauka a tsibirin, babu sabon jerin da zai hau kan sunan, domin tsibirin ba shi da halittun ciyawa. Gaɓar ruwan da ke gabashin tsibirin kuwa, na'ura tana ɗaukar ta a matsayin wurin da halittun ciyawa ke fitowa. Idan mai wasa ya yi ta kai da komo a wannan gaɓa, sai na'ura ta buɗe gurbin ta tarar da sunansa, ta karanta haruffan a matsayin lambobi. Harafi na 3 da na 5 da na 7 su ke zaɓen irin halittar da za ta fito, na 2 da na 4 da na 6 kuma su ke nuna matakin ƙarfinta, wanda kan wuce 100, wato iyakar da wasan ya gindaya.

A cikin jerin da na'ura ke amfani da shi akwai gurabe 190, amma 151 kaɗai ke da halitta. Ragowar 39 an cike su da suna guda, MissingNo, wanda taƙaitawa ce ta kalmomin Turanci masu nufin lambar da ta ɓata. Idan harafi ya faɗa kan ɗaya daga cikinsu, sai wani hargitsattsen hoto mai kama da tubalan da aka jibge ya bayyana. Wasu haruffan kan fito da ita a siffar ƙwarangwal, ko siffar fatalwar garin Lavender. Ganinta kaɗai yakan ƙara 128 a kan adadin kaya na shida da ke cikin jakar mai wasa, ya kuma hargitsa hotunan zauren da ake ajiye tarihin gwanaye. A shekarar 1999 kamfanin Nintendo ya yi gargaɗi cewa wannan abu kuskuren tsari ne, ba ya cikin wasan, kuma yana iya ɓata hotuna.

4.5 Tarke

4.5.1 MissingNo a Matsayin Ƙetare Iyaka

Idan aka duba da kyau za a ga cewa abin da ya auku a gaɓar Cinnabar ya yi kama ƙwarai da abin da Genette ya bayyana. Sunan da mai wasa ya rubuta da hannunsa tun farkon wasa abu ne da ya shigo daga wajen labari. Ga shi kuma wannan suna ya rikiɗe ya zama dodo a cikin teku, ya tare mai shi da faɗa. Da wuya a samu ƙetare iyakar da ya fi wannan fitowa fili. Bugu da ƙari, sunan MissingNo ba daga bakin wani tauraro ya fito ba. Alama ce da masu tsara wasan suka rubuta wa kansu a bayan fage, ta faɗo gaban masu kallo. Ta wannan fuska tangarɗar ta tone dabara kamar yadda Shklovsky ya faɗa, domin ta nuna wa mai wasa cewa halittun da yake ƙauna lambobi ne a cikin jeri.

Sai dai kamar da wane ba ta wane. Ƙetare iyaka a wurin Genette salo ne, salo kuwa zaɓi ne na mai ba da labari. Babin da Sterne ya tsallake, shi ya ga dama ya tsallake shi, kuma mai karatu yana dariya ne domin ya san akwai wanda ke yi masa wasa. Lambar da ta ɓata a Pokémon kuwa babu wanda ya nufa a gan ta. Ke nan gidaje uku da Genette ya kawo ba su isa ba idan ana maganar wasan bidiyo. Akwai gida na huɗu a ƙarƙashinsu, wato na'urar da ke aiwatar da labarin duk lokacin da aka kunna ta, wadda take iya furta abin da mawallafi bai sa a bakinta ba.

Mafi kusancin misali a adabin baka shi ne suɓul da baka na mai ba da tatsuniya, inda zai ambaci Kura a wurin da Gizo ya kamata. Amma a can yara kan yi caa su gyara, mai bayarwa ya koma kan hanya. Na'ura ba ta jin gyara. Za ta maimaita suɓul da bakanta a wuri guda, ta hanya guda, ga duk wanda ya bi matakan. Wannan maimaici shi ya ba tangarɗar kamannin gaskiya.

4.5.2 Dalilan da Suka Mayar da Ita Labari

Wasan Red and Blue cike yake da tangarɗa iri-iri, amma kaɗan ne suka yi suna kamar MissingNo. Wannan nazari ya gano dalilai uku.

Na farko, ta bi dokokin duniyar da ta faɗo ciki. Tana fitowa da kiɗan faɗa kamar kowace halitta, tana da suna da matakin ƙarfi, ana iya yaƙar ta, ana iya kama ta a sa a jaka. Duk abin da ya amsa dokar labari, mai sauraro zai ba shi mazauni a cikin labarin.

Na biyu, hanyar isa gare ta tana da zubi irin na tatsuniya. Sai an je wurin tsoho an saurari darasinsa, sai an yi tafiya zuwa tsibiri mai nisa, sai an yi ta zarya a bakin ruwa, sannan abin ya bayyana ya ba da dukiya mai yawa tare da la'ana. Yaron da ya koya wa abokinsa waɗannan matakai a makaranta labari ya ba shi, mai farko da tsakiya da ƙarshe.

Na uku, wanda ya fi muhimmanci, shi ne ta faɗo a kan giɓin da labarin ya riga ya buɗe. Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A tsibirin Cinnabar ne wasan ya ajiye wani kangon gida mai ɗauke da guntayen takardun masu bincike a kan halittar Mew da haihuwar Mewtwo, ba tare da cikakken bayani ba. A nan ne kuma ɗakin binciken da ake tayar da halittun da suka shuɗe daga ƙasusuwansu yake. Da hargitsattsiyar halitta ta fito a gaɓar wannan tsibiri, wani lokaci ma a siffar ƙwarangwal, sai faɗuwa ta zo daidai da zama. Masu wasa suka riƙa ƙaga mata asali, wasu suna cewa gwaji ce da ya lalace aka watsar. Newman (2008) ya yi bayanin yadda masoya wasan suka yi ta zane da rubuta labarai domin sama mata gurbi a duniyar Pokémon.

Akwai kuma abin da ya share fage tun kafin nan. Ita kanta Mew, halitta ta 151, wani mai tsara wasan, Shigeki Morimoto, shi ya saka ta a ɗan sararin da ya rage daf da kammala aiki, kuma ta hanyar tangarɗa wasu masu wasa a Jafan suka fara cin karo da ita. Wanda ya ga jita-jita ɗaya ta tabbata ba zai yi saurin ƙaryata ta biyu ba.

4.5.3 Illar Tangarɗar ga Jigo

Duk da haka, bai kamata tarke ya tsaya ga yabo ba. An riga an ce babban jigon wasan juriya ne, juriya kuwa ba ta da ma'ana sai inda akwai ƙaranci. A cikin labarin akwai wata ƙwallo mai suna Master Ball wadda ba ta kuskuren kamu. Guda ɗaya tak ake samu, shugaban kamfanin Silph ke bayar da ita bayan an ƙwato kamfaninsa daga hannun Team Rocket. Wannan ƙaranci shi ke tilasta wa mai wasa ya yi tunanin halittar da ta cancanci ya jefa mata ita. Da zarar ya sa ta a gurbi na shida ya je gaɓar Cinnabar, sai ɗaya ta koma 129, tunanin ya ƙare. Haka abin yake ga alewar Rare Candy da ke ɗaga matakin halitta ba tare da horo ba. Wanda ya tara ɗaruruwanta zai isa gaban manyan gwanaye huɗu ya wuce su kamar ba su nan, kuma ƙololuwar da aka gina labarin dominta ta rushe.

A nan ne rabon da masanan Rasha suka yi ya yi amfani. Tangarɗar ta faɗaɗa tsurar labari, domin ta ƙara wa duniyar Kanto wani lungu mai duhu da ba ta da shi. Amma ta rusa zubin labari, domin ta wargaza jerin wahala da sakamako da mawallafi ya shirya. Abin da aka samu a gefe guda an biya shi a ɗaya gefen.

4.6 Kwatanci da Wasu Wasanni

Domin a gwada waɗannan dalilai, yana da kyau a dubi wasu misalai a taƙaice. A wasan Pac-Man na 1980, gurbin da ke ƙirga matakai ba ya ɗaukar lambar da ta wuce 255. Idan aka kai mataki na 256 sai rabin allo na dama ya cika da tarkacen haruffa, matakin ya gagara kammalawa. Wannan tangarɗa ta shahara, amma ba ta haifar da tauraro ba, domin ba ta bi dokar wasan ba, kashe shi ta yi. A Super Mario Bros. na 1985 kuwa, wanda ya ratsa wani bango a mataki na 1-2 yakan faɗa wani matakin ƙarƙashin ruwa mai lamba -1, wanda ƙarshensa ke mayar da shi farkonsa har lokaci ya ƙare. An samu wuri, an samu matakan isa gare shi, amma babu giɓin da ya cike, don haka ya zama tatsuniya marar ƙurunƙus.

Misalin Mortal Kombat na 1992 ya nuna wani mataki na gaba. Kalmar Ermacs da aka gani a shafin lissafin na'urar, wadda ke ƙirga kurakurai, ta jawo jita-jitar cewa akwai wani ɓoyayyen mayaƙi mai jajayen kaya. Babu shi a lokacin, amma a 1995 masu wasan suka ƙirƙire shi da sunan Ermac. Haka nan an daɗe ana yaɗa cewa wani kuskuren lissafi ne ya mayar da Gandhi mai son jefa makamin nukiliya a wasan Civilization na 1991, har sai da mai wasan, Sid Meier, ya bayyana a littafin tarihin rayuwarsa na 2020 cewa babu irin wannan kuskure. Waɗannan biyu sun tabbatar da cewa labarin tangarɗa yana iya rayuwa ko da babu tangarɗar, wanda ke nuna cewa daga wurin jama'a yake fitowa.

Daga baya mawallafa sun karɓi siffar tangarɗa sun mayar da ita salo. A Metal Gear Solid 2 na 2001, na Hideo Kojima, kwamandan da ke ba da umarni yakan rikice ya umarci mai wasa da ya kashe na'urarsa. A Doki Doki Literature Club na 2017, tauraruwa Monika takan goge sauran taurari daga ma'ajiyar kwamfuta, kuma labarin ba ya ci gaba sai mai wasa ya goge ta da hannunsa. Waɗannan su ne ƙetare iyaka na ainihi bisa ma'aunin Genette, domin akwai mai nufi a bayansu. Amma ba za su yi tasiri ba da masu wasa ba su riga sun san tsoro da sha'awar tangarɗa ta gaske ba.

4.7 Kammalawa

A wannan babi an bayyana ma'anar tangarɗa, an kawo ra'in Genette da na Shklovsky, sannan aka auna MissingNo da su. An ga cewa tana da siffar ƙetare iyaka amma ba ta da niyyar da ke mayar da shi salo. Na'ura ce ta furta ta, masu wasa kuma suka ba ta asali da ma'ana, saboda ta bi dokar wasan, tana maimaituwa, kuma ta dace da giɓin da labarin ya bari a tsibirin Cinnabar. An kuma ga cewa ta wadata duniyar labarin amma ta raunana jigonsa na juriya. Kamfanin ya toshe wannan kafa a wasan Pokémon Yellow, amma da aka sake fitar da Red and Blue a na'urar Nintendo 3DS a shekarar 2016, an bar ta yadda take. Saboda haka duk manazarcin da zai yi tarken wasan bidiyo yana bukatar ya lura da bakuna uku, wato na mawallafi da na na'ura da na masu wasa, ya kuma tantance wanda ke magana a kowane wuri. Babi na biyar zai kawo taƙaitawa da sakamakon bincike da shawarwari.